Manja a Filtar Shamsu

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bin labarina. Wadda yau ta fara shigowa ta samu wuri ta zauna, ba sai ta koma baya ba. Ga kan labarin: ranar Alhamis da safe, a ƙofar gidanmu da ke Kaura Namoda, maganar aurena ta kusa wargajewa saboda manja. Babu wanda ya ji ciwo. An dai yi asarar farar shadda guda.

Sunana Mubaraka, ni ce 'yar fari a gidan Malam Halilu Direba. Ƙanwata Salima tana da wanda ya fito, ya kawo duk abin da ake kawowa, amma Baba ya ce ba zai aurar da ƙarama babba tana zaune ba, tare zai haɗa mu. Tun daga ranar gaisuwar Salima ta canza. Kullum da safe sai ta leƙo ɗakina ta ce, "Yaya, ina kwana, ina labari?" Kuma ba labarin duniya take tambaya ba.

Wanda na fitar shi ne Shamsuddeen, ɗan Zurmi, yana haɗa wa mutane sola a nan Kaura. Yana da natsuwa, yana da sana'a, yana kuma da wata tsohuwar Honda ruwan toka wadda yake gogewa da hankicin aljihunsa. Ra'ayin Baba a kansa gajere ne. Ya ce, "Yaron shina da ladabi, sai dai turarenshi na riga shi shigowa zaure." Baba ya yi rayuwarsa yana jan mota tsakanin Kaura da Shinkafi, kuma a wurinsa duk namijin da ke ƙamshi da rana tsaka akwai abin da ba ya yi.

A danginmu uba ba ya bayar da 'yarsa. Yayan Baba, Baffa Magaji na Shinkafi, shi ke bayarwa, kuma ba ya cewa a turo magabata sai Baba ya kai masa saurayin da kansa ya gan shi. Aka sa Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, saboda ranar ce motoci ke tashi a jere da safe. Hanyar nan yanzu ba a son bin ta kai kaɗai, ba a kuma son tsayawa a kanta. Ba sai na yi muku bayani ba. Ga shi washegari Juma'a Baffa zai haura Nijar sayen dabbobi, ba zai dawo ba sai bayan kaka. Wato in Alhamis ta wuce, ni da Salima sai wata shekarar.

Ranar Laraba bayan la'asar Shamsu ya zo zance, don Baba ya hana zancen dare. Na fito da atamfata mai ganyen kuka da hijabi ruwan ƙasa, har da ɗan jan baki wanda ba a gani sai an matso. Shi kuwa na same shi da rigar aiki, ya ɗage bonet, rabin jikinsa yana cikin inji.

"Yau zance muke ko gareji ka buɗe a ƙofar gidanmu?"

"Duka biyun, ranki ya daɗe. Taimaka mini da buta da bokitin ruwa."

"Ko kallon kwalliyata ba ka yi ba."

Ya ɗago, ya dube ni sama da ƙasa. "Ta yi. Ruwan ya zama mai sanyi, ban da na zafi."

Ku shaida, wannan ne mutumin da na zaɓa da hankalina.

Ya kwance wani abu ya ciro, kamar ƙaramin bokiti marar hannu, an ninke jikinsa kamar siket ɗin 'yan firamare, ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan ja-ja a cikin ninkin. Ya ce ita ce filta, ita ke tace iskar da inji ke shaƙa. Ta kowa takarda ce, in ta cika a jefar a sayo wata. Tasa auduga ce a cikin ragar waya, wankewa ake yi a sake shafa mata mai. Daga Kano ya sa aka kawo masa, har bututun ya canza saboda ita, ta yadda irin ta kowa ba ta shiga motar kuma. Ya faɗi wannan da alfahari. Ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

"Gobe Baba zan ɗauka," ya ce. "So nake motar nan ta yi numfashi kamar jaririya."

Ya bubbuga ta a hankali a tafin hannunsa, ƙasar hanyar Zurmi ta zubo. Ya fito da wata kwalba mai feshi ya bi ta ciki da waje har ta jiƙe, ya ajiye a kan kwali ya ce a bar ta ta jiƙa. A wannan ɗan tsakanin ne aka yi zancen ranar gaba ɗaya. Ya tambaye ni ko Baffa Magaji yana da faɗa. Na ce ba ya faɗa, kallo yake yi. Ya ce gara faɗan.

Da dauɗar ta fara narkewa tana gangarowa, na ɗauki buta zan kwara daga waje. Ya riƙe bakin butar.

"Daga ciki, Mubaraka. Ki zuba ta ciki ruwan ya fito waje. In kika zuba ta waje, cusa dattin kike yi."

"To ba ni burushi in goge."

"Burushi! So kike ki yaga ta?"

"Omo fa?"

Ya dube ni kamar na ce a yi alwala da fetur.

Ina zubawa yana jujjuya ta, ruwa yana fita baƙi, ya koma ruwan ƙasa, ya koma fari. Hannunsa a ƙasa, butata a sama, babu wanda ya taɓa wani. Duk da haka sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Ban san dalili ba, kuma ba na son a yi mini bayani a ƙasan rubutun nan.

Muna cikin haka Baba ya dawo daga majalisa. Shamsu ya zube ya gaishe shi, filta a hannu tana ɗiga.

"Mi kake wanki?"

"Filtar iska ce, Baba."

"Filta? Yanzu har wankinta ake kamar safa?"

"Wannan irin ana wankewa, Baba. Sai ta bushe a shafa mata mai."

Baba ya daɗe yana kallon abin. "Mu dai da munka yi tuƙi, in ta cika hura ta muke da baki mu mayar. To. Ni gobe in motocin farko sunka tashi ina ciki. Ko taka, ko ta wani." Ya shige.

Sai ga hadari ya taso daga gabas. Shamsu ya kalli sama, ya kalli filtar. Ya ce ba a mayar da ita da danshi, ba a kuma shanya ta a rana ko kusa da wuta, ba a hura ta da famfon masu faci. Inuwa take so da iska, ta bushe don kanta. Na ce ya kawo in kai ta ƙarƙashin rumfarmu ta kwana. Ya yi ɗan jim kamar wanda aka ce ya ba da ajiyar ƙanwarsa, sannan ya miƙo da hannu biyu. Ya kulle motar a ƙofar gida, ya ce da sassafe zai zo ya sa mai ya ɗaura, ya tare kabu-kabu ya tafi kafin ruwa ya sauko.

Yanzu sai na gaya muku wace ce Inna.

Inna mahaifiyata ce, kuma tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Na farko ni 'yar fari ce, na biyu sunan uwar mijinta aka sa mini. Baba yana ce mini Uwata. Inna kuwa "ke" take cewa, in ba na wurin ta ce "waccan". Salima tana kwanciya a cinyarta su yi ta hirar kayan ɗaki, ni ko zazzaɓi nake sai dai ta aiko Salima da kunu ta ce wai ragowa ne. Kunya ce, na sani, haka ta ga an yi. A kan maganar Shamsu ba ta taɓa cewa uffan ba. In ya gaishe ta daga zaure, bango take amsa wa. Ban san ko tana son sa ba, ban san ko ba ta so. Na sha gaya wa kaina cewa wannan bai dame ni ba.

Na kife turmi a ƙarƙashin rumfa na ɗora filtar a kai. Inna tana gefe tana tsinke zogale, ta ba mu baya. Salima ta zo ta tsuguna.

"Yaya, wannan ne sadakin?"

"Matsa, kada ki taɓa. Filta ce."

"To ya na ga ta yi fari-fari? Ɗazu da na leƙa kamar da ja a jikinta."

Ni kuma da ilimin da na samu yanzu-yanzu yana cina, sai na gyara murya. "Man ne ya fita. Gobe da sassafe za a bi kowane ninki da jan mai, ɗaya bayan ɗaya, har ta koma ja gaba ɗaya. In babu man nan ba ta kama ƙura, inji ya shaƙi ƙasa, mota ta lalace a hanya."

"A hanyar Shinkafi?" in ji Salima. "Allah ya kiyaye."

Inna ba ta juyo ba. Zogalenta kawai take tsinka.

Da asuba na yi salla, na tsaya gugar hijabin da zan fita da shi in yi musu Allah ya kiyaye. Da gari ya fara haske na fito in duba ko ta bushe. Turmi yana nan. Filta ba ta nan.

Kafin in yi ihu na hango tire a bakin ƙofar ɗakina. Tiren silba ne na cikin kabad ɗin Inna, wanda ba ya fitowa sai an yi baƙi daga nesa. An rufe shi da sabon faifai mai ado. Na ɗaga.

Ga ta nan zaune, ja jawur, tana sheƙi. An bi kowane ninki, babu wanda aka tsallake, aiki mai tsabta kamar zanen lalle. Sai dai ƙamshin da ya bugi hancina na miyar taushe ne.

A bakin madafa na ga sauran shaidu: kwalbar manjan Inna, mai kyaun nan da take ɓoyewa sai Salla, da gashin kaza guda ɗaya, bakinsa ja. Ita kuma tana can ƙarshen tsakar gida tana shara, ta ba ni baya, kamar ba ta san an yi wani abu a duniya ba.

Na daɗe a tsugune. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba ta tashi tun duhu, ta fito da manjan Salla, ta zauna ta bi ninkin filtar saurayina da gashin kaza, don kada motarsa ta tsaya a hanya. Amsar da na yi wata da watanni ina jira ke nan, an kawo mini ita a kan tire. Idona ya yi wani abu. Na ce hayaƙin madafa ne.

Salima ta fito tana miƙa. Ta leƙa, ta sunsuna, ta dube ni, ta dubi gashin kazar. Sai ta toshe baki da zaninta ta faɗa ɗakina, ta kife a kan katifa tana ta shure-shure ba sauti.

"Manja!" ta ce cikin filo. "Yaya, saura albasa da daddawa!"

"Rufe mini baki, za ta ji."

"Wayyo cikina. In ya tayar da mota duk unguwa za a fito da kwano." Tana cikin haka dariyar ta tsaya cak. Ta tashi zaune. "Yaya. Aurena!"

Na ɗauki waya na tura wa Shamsu saƙo.

"Ka taso?"

"Ina kan kabu-kabu. Ta bushe?"

"Ta bushe. An kuma sa mata mai."

"Wa ya sa? Man yana cikin mota a kulle."

Na ɗauki hoto na tura. Alamar ya gani ta fito. Ya fara rubutu, ya goge. Ya sake farawa, ya goge.

"Mubaraka, mene ne wannan?"

"Manja."

"Na miya?"

"Akwai na wani abu ne?"

Sai ya rubuto: "Salima ce?"

"Inna ce. Ta ji na ce jan mai. Da gashin kaza ta bi shi, ninki-ninki. A tiren baƙi ta ajiye."

Salima tana leƙe ta kafaɗata tana ba da shawara. A wanke da omo a busar da dutsen guga. A riƙe a saman garwashi. A goge da tsumma a ɗaura haka nan, wa zai sani? Na tura masa duka. Ya amsa a jere. Zafi zai ƙona audugar. Ko yanzu aka wanke ba za ta bushe ba sai yamma, da wannan damina. In kuma aka ɗaura haka, motar za ta tashi, amma manja daskarewa yake ya toshe ƙofofin iska, wanda ya narke kuma inji ya zuƙe shi ya shafe wata 'yar na'ura da ke auna iskar. Motar tana iya kai su lafiya. Tana iya fara shaƙewa bayan Kaura.

"A sayo ta takarda mana," in ji Salima.

Na ce, "Ba ta shiga. Ya canza bututu." Na ce muku za mu dawo kansa.

Saƙonsa na ƙarshe ya shigo: "Ki fito da ita yadda aka ajiye. Da tiren, da faifan."

Lokacin da na fito, Baba yana tsaye a ƙofar gida da babbar riga ruwan bula da carbi, yana duban hanya. Shamsu ya sauka daga kabu-kabu cikin farar shadda sabuwa fil, ɗinkin ya zauna, hula ƙube, takalmi yana ɗaukar ido. Turarensa kuwa ya riga shi sauka. Ya durƙusa ya gaida Baba.

"Ina safar taka?" in ji Baba. "Ta bushe?"

Na matso na durƙusa da tire. Baba ya dubi tiren, na ga ya gane shi. Ya ɗaga faifan. Ya sunkuya. Ya shaƙa sau ɗaya, ya ɗago. Ya dangwala yatsa ya murza, ya kai hanci.

A bayan ƙofar zaure, ƙarar tsintsiya ta tsaya.

"Wa ya yi wanga aiki?"

In Shamsu ya ce shi ne, ya yi ƙarya, kuma Baba ya san warin manjan gidansa, ba ya kuma haɗa hanya da maƙaryaci. In ya ce Inna ce, ya kunyata ta a bakin titi, a ranar farko da ta nuna tana yi da shi. In ya yi shiru ya ɗaura, ya ɗauki mahaifina a motar da shi kansa bai yarda da ita ba.

Shamsu bai ɗago kai ba. Ya ce, "Baba, baƙuwa ce ta kwana a gidanka, aka yi mata abin da ake yi wa baƙo. Ni ne ban bar bayanin irin man da take sha ba."

Baba ya ɗan karkata kai. "Za ta yi tafiya?"

"Za ta tashi, Baba."

"Ba tashi na tambaye ka ba."

"Ba zan ɗauke ka a kanta a hanyar Shinkafi ba."

"To ka fasa ke nan. Magaji gobe shina Nijar."

Daga cikin zaure na ji wani ɗan sauti kamar an taka kyanwa. Salima ce.

"Ban fasa ba, Baba. In ka yarda mu bi motar kasuwa."

Baba ya dube shi tun daga hula har takalmi, a hankali, yadda yake duban taya kafin ya saya. "Motar kasuwa. Ta Alhamis. Ka san mi ake ɗorawa cikinta?"

"Na sani, Baba."

"Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, awaki a ƙafa."

"Na sani."

"Da wagga shadda?"

"Ai wankuwa take yi, Baba."

Gemun Baba ya motsa. Wanda bai san shi ba zai ce ƙuda ya kora, amma ni na san dariya ce. Ya mayar da faifan ya rufe filtar da kyau. Sannan ya juya ya fuskanci zaure, ya ɗaga murya kamar mai magana da katanga.

"Tun da nike jan mota a garin nan, ba a taɓa shafa wa tawa ko man gyaɗa ba!"

Tsintsiya ta ci gaba da aiki, da sauri fiye da ɗazu.

"Tashi mu tai," Baba ya ce wa Shamsu. "Uwata, shiga da abincin motar."

Kafin su wuce Shamsu ya buɗe motar ya ciro baƙar leda, ya ajiye mini a gefen tire da makullin. Sai da suka sha kwana saƙo ya shigo: "Kwalba mai feshi ta wanki ce. Ki yi kamar jiya, ki maimaita har sai jan ya fita. Ƙaramar kwalbar ita ce man. Kada kowa ya taɓa ta sai na dawo, in ya yi yawa shi ma ɓarna ne." Wani ya biyo baya: "Ki ce wa Inna na gode. A'a, kada ki ce. Ke kin san yadda za ki yi."

Na shiga gida. Salima ta kama ni muka yi ta tsalle a zaure ba sauti, tire yana karkarwa a tsakaninmu, sai da na ce ta sake ni kada baƙuwar ta faɗi.

Na zauna a bakin rijiya na fesa maganin na bar shi ya jiƙa. Can sai ga inuwa a kaina. Inna ce, ta zo wai ɗaukar guga. Ta ɗauka, amma ba ta tafi ba.

"Ke."

"Na'am, Inna."

"Ba shi ba ne jan man?"

"Ba shi ba ne, Inna. Nasu daban ne, na kwalba."

"Ni dai ja na ji anka ce." Ta juya gugar a hannunta. "Mai kyau na sa. Ba na kasuwa ba."

"Ya gani, Inna."

Na ɗauki buta da hannu ɗaya, filta a ɗayan, abin ya ƙi daidaituwa. Sai kawai na ji an zare butar daga hannuna. Inna ta tsuguna a gabana ta karkata bakin butar.

"Ta ciki, Inna. Ruwan ya fito waje."

"Na ji jiya."

Wato har wannan ta ji. Daga ina, ban tambaya ba. Tana zubawa ina juyawa, ruwa yana fita ja yana bin magudana kamar an yanka kaza. Muka sake fesawa, muka sake jira, muka sake ɗaurayewa. Rabon da in zauna kusa da ita haka, gwiwa da gwiwa, tun ina 'yar firamare tana yi mini kitso tana cewa in daina motsi.

"Yaron bai faɗi kowa ba," ta ce, idonta a kan buta.

"Bai faɗa ba."

"Hm." Ta ƙara ruwa. "Juya a hankali, kada ki yage mashi abu."

Muka mayar da ita kan turmi a inuwa, fara tas. Daga nan sai jira. Waya ba ta shiga a wani yanki na hanyar, kowa ya sani, amma sanin bai taɓa hana mutum duba waya ba. Salima ta share ɗakinta, ta share nawa, ta dawo ta sake share nata. Ni na zauna da littafi a buɗe, shafin bai motsa ba. Inna ta ɗora tukunya ta manta ba ta sa gishiri ba, abin da ban taɓa gani ba.

Bayan azahar wayata ta yi ƙara. Hoto ne: gaban farar shadda, da sawun kofato biyu a kan cinya, da wani tabo a gefe wanda ban nemi bayaninsa ba. A ƙasa ya rubuta: "Mun iso lafiya. Akuyar ta sauka kafin mu."

"Baffa fa?"

"Ya kalle ni."

"Sai me?"

"Ya kalli shaddar. Baba ya ba shi labari tun daga wankin safa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi."

"Shamsu, SAI ME?"

"Ya ce a turo magabata in ya dawo daga masallacin Juma'a gobe, ya ɗaga tafiyarsa zuwa Asabar. Na kira Zurmi, suna shiri."

Ban yi ihu ba. Na miƙa wa Salima wayar, ita ta yi na mutum biyu, har kajin gidan suka watse. Ta ruga ta rungume Inna, Inna tana cewa, "Sake ni, mi ya same ki, ni ina ruwana." Ta shige ɗaki ta saki labule.

Da la'asar na je duba filtar. Ta bushe sarai, ba danshi ko a cikin ninki. Na buɗe baƙar ledar in tabbatar komai yana nan kafin mai shi ya dawo. Kwalba mai feshi tana nan. Makulli yana nan. Ƙaramar kwalbar babu.

Na juya. Inna tana zaune a kan kujerar tsuguno a ƙarƙashin rumfa, ta shimfiɗa tsumma mai tsabta a cinya. Kwalbar tana hannunta na hagu, ta ɗaga ta tana duban jan man a haske. A hannun dama kuma sabon gashin kaza ne, fari, an wanke shi.

Wayata ta yi ƙara. "Mun kamo hanya. Ba a dai taɓa ƙaramar kwalbar ba ko?"

Inna ba ta dube ni ba. Filtar take kallo.

"Ke," ta ce. "Tambayi surukin nawa, ɗigo nawa ake sa wa kowane ninki?"